Wutar Hunturu: Daga Gadon Ƙasa Zuwa Murhun Zamani A Ƙasarmu

Ga ɗari ya sake kamawa. Duk wanda ya fito sallar asuba a kwanakin nan, daga Cadakori zuwa Tibiri, daga Agye zuwa Gazawa, ya san abin da nake faɗi: hazo ya rufe gari, leɓɓa sun tsattsage, kaushi ya fito, kuma kowace ƙofar gida ka ga yara tsugune kewaye da wutar kara sun miƙa hannuwa. Shekaranjiya wani ƙanena da ke karatu a Faransa ya turo mini hoton wani murhun ƙarfe da ke gidan da yake haya. Akwati ne mai ƙofar gilashi, da bututu da ya huda rufi yana fitar da hayaƙi waje. Ana sa masa icce ko gawayi, kuma ba a ɗora masa tukunya, aikinsa kawai ya ɗumama ɗaki. Sai ya rubuto: "Yaya, don mi mu ba mu da irin wanga?" Na yi dariya, amma tambayar ta kwana da ni. Shi ya sa yau nake so mu waiwayi yadda kakanninmu suka yi ta fama da ɗari, da abin da suka ƙona, da yadda iccen ya ƙare sannan ya dawo.

Amsa ta kusa ita ce ɗarinmu gajere ne. Wata biyu ne zuwa uku, Disamba da Janairu da ɗan abin da ya shiga Fabrairu, kuma da hantsi ya yi an cire bargo. A jihar Maraɗi ma'aunin zafi kan sauka wajen 12 ko 13 da asuba, wasu ranaku ya yi ƙasa da 10. Bature zai ce wannan ba sanyi ba ne. To, ya zo ya kwana a bukka kan tabarma da zane ɗaya, iskar gabas na shigowa ta tufaniya, sai mu ji bakinsa. Ai Turawan farko da suka ratsa ƙasashen nan sun ɗanɗana: Clapperton da abokin tafiyarsa Oudney, a hanyarsu daga Barno zuwa Kano a ƙarshen Disamba 1823, sun rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke mazubansu ya yi ƙanƙara. Ɗari dai ya daɗe yana kashe tsofaffi da jarirai a ƙasar Hausa, kuma mutanenmu ba su zauna sun zuba masa ido ba.

Abu uku suka dogara da shi. Na farko murhu, duwatsu uku, wanda ba ya zaɓen abinci: icce, ƙirare, karan hatsi, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, ƙodagon goriba, duk abin da ka tura masa ya ci. Da an sauke tuwon dare ba a kashe wutar, yara su matso, a yi tatsuniya har barci ya fara ɗaukarsu. Na biyu kasko. Uwar gida ta kwashi garwashin da ya rage, ta zuba a kaskon yumɓu, ta yayyafa toka a kai don ya daɗe, a kai ɗakin tsohuwa ko na mai gida. Almajirai kuwa tasu wutar daban ce: kowa ya je daji da la'asar ya ɗauko ɗan daminsa na kara, da dare a hura a tsakiyar makaranta, ita ce fitilar karatun allo, ita ce kuma bargo. Tsibin tokar da ke tsakar tsofaffin makarantun allo shaida ne na shekarun da aka yi ana haka.

Na uku shi ne wanda yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba, wato gadon ƙasa. Magini ne ke gina shi da laka a jikin bangon ɗaki, sama a shafe sumul, ƙasa a bar rami mai ƴar ƙofa. Da magariba a zuba garwashi ko a hura ƴar wuta a cikin ramin, laka ta sha zafi sannu a hankali, ta riƙe shi har asuba. Na kwana kan irinsa a ɗakin kakata ina yaro, kuma har yau ban sami katifar da ta kai shi daɗi a watan Janairu ba. Ka ga ke nan ƙanena bai yi daidai ba da ya ce ba mu da murhun ɗumama ɗaki. Muna da shi, na laka ne, kuma a kansa ake kwana. Mutanen arewacin Sin suna da ɗan'uwansa da suke kira kang, gado ne na tubali da zafin murhun girki ke bi ta ƙarƙashinsa. Bambancin guda ne, amma babba: nasu yana da hanyar da hayaƙi ke bi ya fita waje, namu a cikin ɗaki yake sakinsa.

Babu inda gadon ƙasa ya fi aiki kamar wurin mai jego. A al'ada, tun ciki na wata bakwai miji ke fara tara iccen wanka, gumagumai manya, ba ƙirare ba, a jibge a ƙofar gida kowa ya gani. Namijin da matarsa ta haihu ba icce a ƙasa ya sha gori wurin surukai. Kwana arba'in ana tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a yi wanka da ganye, a sha kunun kanwa, a koma a kwanta kan gadon da aka gasa. Ku lissafa iccen da haihuwa ɗaya ke ci, ku ninka da haihuwar gari guda a shekara. Likitoci sun daɗe da sa ido kan wannan al'ada. A asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka fitar da sakamakon a 1978, inda suka danganta yawan cutar da gishirin kanwa da kuma tsananin zafin wanka da na gado. Ba na cikin masu zagin iyayenmu kan wannan. Sun yi ne don tsoron sanyi ya shiga jikin mai jego, kuma da abin da suka sani suka yi aiki. Amma kumburin ƙafa da haki da ake cewa "sanyi ne ya kama ta, a ƙara wuta", sau da yawa zuciya ce ke neman taimako, ƙarin wutar kuma ƙara mata nauyi yake.

Duk wannan ya yiwu ne don icce na nan birjik. A Janairun 1851, tsakiyar hunturu ke nan, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa ya sauka Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Ya tarar da Gazawa gari ne mai shinge na itace a tsakiyar kurmi, kuma tsakaninta da Katsina daji ne da ayari ke ratsawa da tsoro. Dalilin dajin kuwa yaƙi ne. Tun da Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, mutane sun taru ne a garuruwa masu ganuwa a bakin gulbi, ba mai yarda ya yi nisa ya kafa gida shi kaɗai. Dajin da ya rage tsakanin masu gaba da juna shi ya zama rumbun icce. Marke, ƙirya, taramniya, geza, kalgo, sabara, mace ba ta wuce bayan gari ta cika dami, kuma busasshe take ɗauka, ba ta taɓa ɗanye. Ƙirya ma maƙera aka bar wa, don gawayinta ne ke narka ƙarfe.

Zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 ya kashe yaƙin, sai mutane suka bazu. Ƙauyuka da yawa na arewacin gulbi, irin masu suna Gidan wane da Garin wane, a wannan zamani aka sare dajinsu. Sannan ga haraji da sai da kuɗi ake biyansa, ga gyaɗa da ta zama hanyar samun kuɗin, musamman daga shekarun 1930, har aka zo aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, ba kututture, don garmar shanu ta wuce. Manomin da ya bar sabara a gonarsa rago ne a idon maƙwabta. Kowace bazara a yi sassabe, a tara, a cinna wuta.

Turawan sun ga dajin na tafiya, amma maganin da suka kawo ya zama wata cutar. Wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya zagaya ƙasashen nan a 1934 ya koma yana shelar cewa Sahara na gangarowa kudu, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga rairayi na tafiya kamar yadda aka faɗa ba, hannun mutane ya gani. A ranar 4 ga Yuli 1935 kuma Faransa ta riga ta fitar da dokar daji ta yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma: aka keɓe gandun daji, aka jera itatuwan da ba a taɓawa, aka ɗora ma'aikata masu kaki su tsare. Bayan ƴancin kai, dokar daji ta Maris 1974 ta bi sawun waccan. Abin da talaka ya fahimta daga ciki ɗaya ne: icce na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshen gawon da kakanka ya bari, a ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka koma kashe toho tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na hukuma. Dokar da aka yi don tsare itace ita ta hana shi tashi a gonaki.

Da farin 1973 da 1974 ya zo, sannan na 1984 wanda a nan muke kira El Buhari saboda rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a shekarar, sai abin ya kai maƙura. Wanda ba ya da hatsi ya ɗauki gatari, don icce ne kaɗai abin da zai kai Maraɗi a ba shi kuɗi. Iyayenmu mata su suka fi kowa sanin wannan zamani. A fita da sassafe, a dawo rana tsaka da ɗan abin da bai kai a dafa tuwo biyu ba. Aka koma kan karan hatsi, aka kwashe shi ƙaf daga gona, aka bi da kandilon shanu, har da tumfafiya mai hayaƙin da ke sa hawaye. Abin da ya kamata ya ruɓe ya zama taki ya tafi murhu, gona ta zauna tsirara, iskar farkon damina ta binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu sau uku. A shekarun nan ne gadon ƙasa ya fara mutuwa a gidaje da yawa. Ba wayewa ce ta kashe shi ba tun farko, gungumen da za a sa masa ne babu.

Gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauki abin da gaske. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, kuma a Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi, wanda ya fitar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Aka yi ta dasa dogon yaro da turare, galibi suka mutu, don ba mai ba su ruwa kuma ba na kowa ba ne. Ta ɗaya gefen kuma aka ce a rage cin iccen, nan ne murhun zamani ya shigo. Iri biyu suka fi yaɗuwa a Nijar. Akwai Albarka, na laka, wanda mace ke ginawa da hannunta: duwatsun nan uku dai, amma a kewaye su da bango har wuyan tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta sa icce. Akwai kuma Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙeran birni ke yankawa daga tsofaffin ganguna, kowane da lambar tukunyar da ta dace da shi. Ba mu kaɗai ba ne. A shekarun nan Kenya ta fito da nata murhun gawayi mai cikin yumɓu, Sin kuma ta raba murhu sama da miliyan 100 a ƙauyukanta.

Hujjar masu furojen gaskiya ce. Murhun duwatsu uku, in aka auna, abin da ke shiga tukunya daga zafin iccen bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura duk iska ke kwashewa. In ka killace wutar, iska ba ta kaɗa ta, tuwo ya nuna da icce kaɗan. Amma akwai abin da ba su sa a lissafi ba, kuma kakata ce ta fara faɗa mini shi ba littafi ba. An zo an gina mata Albarka a tsakar gida, ta yi amfani da shi duk bazara da damina tana yabo. Ranar da hunturu ya buɗe sai muka ga ta jawo duwatsunta uku ta dasa gefensa. Aka ce, "Inna, ina murhun naki na zamani?" Ta ce, "Wanga murhu tuwo ɗai ya sani. Ɗiyan ga da mi za su jin ɗumi?" Zafin nan da masana ke kira asara, wanda ke tserewa ta gefen tukunya, a watan Janairu shi ne abin da gida ke bukata. Shi ke gasa ƙafafun yara, shi ke haska tsakar gida, shi ke ba da garwashin kasko. Murhun da ya tsare zafi duka a gindin tukunya ya warware matsalar girki, ya bar ta ɗari inda take. Ga shi kuma ruwan sama na cinye na laka, na ƙarfe kuma sai da kuɗi, alhali mace a ƙauye ba sayen icce take ba balle ta ga ribar a aljihunta. Shi ya sa Mai Sauƙi ya fi karɓuwa a birni, wurin masu tuwon sayarwa da masu ƙosai da ke sayen icce kullum.

A ganina, abin da ya ceci wutar hunturu a ƙasarmu bai fito daga wajen murhu ba, daga gona ya fito. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aikin gona da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan kumbuzan da ke fitowa a gonaki kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. In ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse saura, cikin ƴan shekaru sun zama itace, don saiwa ta riga ta kai ga ruwa. Ba sabon ilmi ba ne, tsofaffin manoma sun san shi, tsoron tara da gorin maƙwabta suka binne shi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, wajen kashi biyu bisa uku na itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga hatsi bai ragu ba, ga icce a ƙofar gona, ga ganyen dabbobi. Daga nan abin ya bi baki da baki, aka sa masa suna sassaben zamani.

Ƙasar Agye ta yi fice a wannan. A Ɗan Saga, da taimakon furojen da asusun FIDA ya ɗauki nauyi, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, suka sa dokarsu da tararsu ga ɓarawon icce, har suka kai ga buɗe kasuwar sayar da abin da suka sassabe. Garin da mata ke yini neman ƙirare ya koma yana loda wa amalanke icce. Hukuma ma ta sassauto sannu a hankali. Dokar 21 ga Agusta 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin icce na karkara su ci wani kaso na harajin, kamar yadda aka yi a kewayen dajin Baban Rafi da ke ciyar da birnin Maraɗi. Sabuwar dokar daji ta fito a Yunin 2004, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 aka sa hannu kan dokar da ta amince a rubuce cewa manomin da ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Shekara 85 ke nan tsakaninta da dokar Faransawa. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta eka mai yawa: hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta duniya a Suwidin a 2018. Ya cancanta, amma hannuwan da suka riƙe adda na manomanmu ne.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Ƙidayar 1977 ta sami ƴan Nijar miliyan 5 da ƴan kai, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai miliyan 3 da dubu 400. Bakunan murhu sun ninka fiye da sau uku. An yi ƙoƙarin kawo wasu makamashin. Kananzir ya yi tsada bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Gawayin ƙasa na Anu Araren, can wajen Cirozerin inda SONICHAR ke haƙa, an gasa shi an kawo kasuwa da nasa murhun. Yana daɗewa yana ci, amma kama wutarsa sai da haƙuri, kuma bai shiga ƙauye sosai ba. Gas ya samu tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011, ƴar tukunyar kilo 6 ta shiga gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa. Sai dai ba wanda ke kunna gas don yara su ji ɗumi. Ko a gidan da ake girki da gas, da Disamba ta yi za ka ga an aiki yaro sayo gawayi.

A nan ne nake so masu saurare su tsaya da kyau, don akwai abin da ya canja ba mu lura ba. Ɗakin kakanninmu jinka ce ko shigifa mai ƙofar zana. Hayaƙi na bi ta cikin bunu ya fita, kunkunniyar da yake bari ma tana korar ƙwari daga rufin, iska kuma na shiga ta ko'ina. Ɗakin ya yi sanyi, amma yana numfashi. Yau mun yi rufin kwano, mun shafe bango da siminti, mun sa ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe, da ɗari ya zo har tsumma muke cusawa a ƙasan ƙofa. Ɗaki ya canja, kasko bai canja ba. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin jiki, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ni kaina na taɓa tashi da asuba a wani ɗakin haya, kaina kamar zai tsage, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, abokin kwanana na amai. Muka ce mayu ne ko abincin dare. Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo, ya ga kaskon, ya buɗe ƙofa da taga ya ce a fito da mu waje. Da ƙofar ta fi haka matsewa, da wani ke ba ku labarin nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida, na girki da na jin ɗumi, ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Ga kuma gobara, da kowa ya san lokacinta ke nan: iska na kaɗawa, danga ta bushe, rumbuna cike.

Don haka in za a shiga da kasko, a bari gawayin ya kama sosai a waje ya zama ja, a ɗumama ɗakin kafin a kwanta, sannan a fitar da shi. A bar taga a ɗan buɗe. Kada a kwana da shi a ɗakin jariri ko mai jego ko tsoho mai tari, kuma gawayin ƙasa ko kusa kada ya shiga ɗakin kwana. Wanda aka tarar ya galabaita a fito da shi iska nan take a nufi likita, kada a tsaya shafa masa mai.

Na koma kan hoton ƙanena na sake dubawa. Abin da ke cikin akwatin nan nasa ba gilashin ba ne ko fentin, bututun ne. Su ma Turawa da buɗaɗɗiyar wuta suka fara, hayaƙi na cika musu ɗaki, kuma tsadar icce ce ta sa irin su Benjamin Franklin a Amurka, wajen 1742, suka shiga ƙera murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki. Mu da muke da maginan da suka iya gadon ƙasa, da maƙeran da ke yanka Mai Sauƙi daga ganga, ban ga abin da zai hana a haɗa su biyun ba: gado na laka, bakin wutarsa a waje ko a madafa, zafi ya bi ta ƙarƙashi, hayaƙi ya fita ta bututun kwano a bayan ɗaki. Furoje-furojen da suka wuce duk tukunya suka duba, ba wanda ya tambayi inda yara ke kwana.

Gadon kakata an rushe shi shekarar da muka yi wa ɗakin rufin kwano, aka sa gadon ƙarfe a wurin. Na tambaya a garinmu, maginin da ya iya shi ya rasu, ƴaƴansa bulo suke bugawa. In akwai wanda har yanzu ke da gadon ƙasa a gidansu, ko a Gidan Sori ne, ko Gangara, ko wani ƙauyen Cadakori, don Allah ya ɗauko mana hotonsa ciki da waje, ya auna tsawonsa da faɗin ramin wutar, ya tambayi tsofaffi irin lakar da ake haɗawa da abin da ake zuba mata don kada ta tsage. Akwai magini da maƙeri da na yi magana da su, sun ce in sun ga yadda yake za su gwada ɗaya mai bututu kafin ɗarin bana ya wuce.